Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

A tarihin ilimin nukiliya, da wuya a sami wanda wannan karin magana ya dace da shi kamar Lise Meitner. An haife ta a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1878, ta sami digirin dakta a 1906, sa'annan ta koma Balin a 1907. A can ta yi shekara 30 tana bincike tare da Otto Hahn, masanin sinadarai. Da farko, saboda ita mace ce, a wani tsohon ɗakin kafinta aka ajiye ta, ba albashi. Duk da haka a 1926 ta zama mace ta farko da ta kai matsayin farfesan fiziya a Jamus.

A Yulin 1938 mulkin 'yan Nazi ya tilasta mata gudun hijira zuwa Suwidin, domin asalinta Bayahudiya ce. A Disambar wannan shekara Hahn da Fritz Strassmann suka harbi yuraniyom da niyutron, suka ga bariyom ya fito, suka rasa dalili. Hahn ya aika mata da wasiƙa. Ita da ɗan 'yar'uwarta, Otto Frisch, su ne suka gano cewa cibiyar ƙwayar zarra ce ke tsagewa biyu, suka kuma lissafa ƙarfin da ke fita. An buga bayaninsu a farkon 1939.

Amma da aka tashi ba da lambar Nobel ta sinadarai ta 1944, Hahn kaɗai aka ba. Masu kare wannan hukunci sukan ce ai aikin sinadaran nasa ne. Gaskiya ne, ba mai musun gwanintarsa. To amma Strassmann, wanda ya yi gwajin da hannunsa, shi ma an bar shi. Kuma gwajin kansa ci gaban binciken da Meitner ta soma tare da Hahn ne tun 1934. Wanda ya ga abu da wanda ya fassara shi, ai hakkinsu ɗaya ne.

Meitner ta ƙi sa hannu a aikin ƙera bom, ta rasu a Ingila a 1968. Sai a 1997 aka tabbatar wa sinadari na 109 sunanta. Yabon da ya zo bayan mutuwa bai biya bashin ba. Saboda haka wajibi ne ga malami da ɗalibi, duk lokacin da za a sa suna a kan wani bincike, a tambayi wanda ya yi wahalarsa tun yana raye.