SHARHI: Ruwan zafin hunturu da na jego, inda murhun gas ya kasa ture itace a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wutar farko da ake hurawa a gida tun kafin asuba ta ruwa ce: na alwala, na wankan 'yan makaranta, da na dattijon da sanyi ke kama wa gaɓoɓi. A cikin garuruwan Kazaure da Babura, gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa da dama sun mallaki tukunyar gas, sau da yawa ma a cikin kayan ɗakin amarya ta shigo. Duk da haka, garwar ruwan wanka a kan murhun itace ko kurfoti take zama a tsakar gida. Gas an bar shi ga shayi da ɗumame da girkin gaggawa.

Wannan giɓi ne wata ƙaramar na'ura da ake tallatawa a kasuwannin intanet take iƙirarin cikewa. Bututu ne na jan ƙarfe ko na baƙin ƙarfe mara tsatsa, a nannaɗe kamar gammo, wanda ake ɗorawa a kewayen bakin wutar murhun gas. Ruwan sanyi ya shiga ta tiyo ɗaya, ya zagaye harshen wuta, ya fita ta ɗayan da ɗumi, alhali tukunyar abinci na kan wuta. Dabarar tsohuwa ce, domin a Turai an daɗe ana ratsa bututun ruwa ta bayan murhun ɗumama ɗaki. Abin tambaya shi ne ko za ta iya rage itacen da ake ƙonawa a yankin da hamada ke matsowa, kuma gwamnati ke cewa a daina sare bishiya.

Yadda take aiki, da inda ƙarfinta ya tsaya

Murhun gas na gida ba ya kai duk zafinsa ga tukunya. Kusan rabi yana sulalewa ta gefe ya bi iska, kuma wani kaso na wannan asara bututun ke kamawa. A ce uwargida ta ƙona kwatan kilo na gas a girki ɗaya, bututun kuma ya kama kashi ɗaya cikin uku na zafin da ke tserewa. Abin da ya kama zai ɗaga zafin ruwa lita 20, wato jarka guda, da digiri 20 da 'yan kai. Ruwan da ya kwana a randa da sanyinsa zai koma mai ɗumin da za a yi wa yara biyu wanka ba tare da an surka ba. Riba ce ta gaskiya, amma iyakarta ke nan: jarka ɗaya a girki ɗaya.

Akwai kuma sharuɗɗa. Na farko, ruwan sai yana tafiya. Idan ya tsaya a cikin bututun wuta na ci, zai tafasa ya zama tururi, ya ɓalle tiyo ko ya watsu a jikin mai girki. Wannan na bukatar famfo mai gudu ko tanki a sama, alhali a yawancin ƙauyukan Roni da Gwiwa ruwa daga rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa yake zuwa, a ka ko a kurar 'yan garuwa. Na biyu, idan bututun ya shiga cikin harshen wuta sosai, yana sanyaya ta. Wutar sai ta juya daga shuɗiya zuwa rawaya, girki ya yi nawa, gindin tukunya ya yi baƙi, iskar nan mai guba da ba ta da wari ko launi ta ƙaru. Da hunturu kuwa ake rufe ƙofa da taga a yi girki a ɗaki. Na uku, ruwa mai gartsi yana tara farin dutse a cikin siririn bututu har ya toshe shi.

Babban sharaɗin ya fi waɗannan duka sauƙin faɗi. Na'urar tana tsintar zafin gas ɗin da ake ƙonawa ne, don haka gidan da tukunyarsa ta yi wata biyu a wofi ba shi da abin tsinta.

Lissafin wankan jego

Babu inda nauyin ruwan zafi ya fi bayyana kamar wankan jego. A al'adar ƙasar Hausa, mai jego tana wanka da ruwa mai zafi safe da yamma har kwana arba'in, da ganyen darbejiya ko makamancinsa, kuma tanadin itacen yana wuyan miji tun kafin haihuwa. Tafasa lita 20 a kan murhun gas yana cin kusan kashi uku cikin goma na kilo. Wanka 80 ke nan, wato kilo 24, kusan manyan tukwane biyu masu kilo 12.5. Wannan ma an yi sassauci, domin gidaje da yawa rabin duro suke ɗorawa.

A 2020 ana cika babbar tukunya a kan kusan naira 4,000. Zuwa ƙarshen 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna matsakaicin farashin ya haura naira 15,000. Ko a naira 1,200 aka sayi kilo, ruwan jego kaɗai zai ci naira 28,800, fiye da kashi 40 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024. Galibin magidantan Gwiwa da Roni ba ma'aikatan gwamnati ba ne, manoma ne da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i. Rahoton talauci na hukumar ƙididdigar na 2019 ya sanya Jigawa a kashi 87 cikin 100, a sahun gaba tare da Sakkwato da Taraba. Magidancin da ya zaɓi itace da kara a wannan hali ya yi lissafinsa daidai gwargwadon aljihunsa.

Likitoci sun daɗe suna jan hankali a kan tsananin zafin ruwan. Tun shekarun 1970 masu bincike a asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da wankan ruwa mai ƙuna, kwanciya a gado mai wuta a ƙasa, da yawan shan kunun kanwa. Rage zafin zuwa ɗumi mai daɗi zai sauƙaƙa wa jikin mai jego, ya kuma rage makamashin da ake ƙonawa da fiye da rabi. Wannan saƙo ne da asibitocin sha-ka-tafi da ungozomomi za su iya kaiwa gida-gida ba tare da sabon kasafi ba.

Manufofin da suka ƙirga tukunyar tuwo kaɗai

A kan takarda, Najeriya ba ta rasa shiri ba. A watan Maris na 2021 tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana shekaru goma na gas. A watan Maris na 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta ta ƙasa, da burin kowane gida ya samu nan da 2030. A watan Mayun wannan shekarar aka yi taro a Paris inda aka yi alkawarin dala biliyan 2.2 domin girki mai tsafta a Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020.

A daidai wannan lokacin farashi ya bi ta wata hanya. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira ta nemo darajarta a kasuwa, sun ɗaga kuɗin dakon gas, wanda a kan titi yake tahowa daga kudancin ƙasar. Gwamnati ta cire masa harajin VAT, kuma a watan Oktoban 2024 Ƙaramin Ministan Gas, Ekperikpe Ekpo, ya ba da umarnin dakatar da fitar da wanda ake samarwa a gida zuwa waje daga 1 ga Nuwamba. Amma a watan Oktoban 2025, bayan yajin aikin ƙungiyar PENGASSAN kan rikicinta da matatar Ɗangote, farashin ya sake yin tsalle. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614 da ake jira ya iso Kano kuwa iskar masana'antu da tashoshin lantarki zai ɗauko, wadda ta bambanta da wadda ake ɗurawa a tukunyar girki.

Lantarki ma bai zama mafita ba. Hita tana aiki ne idan kamfanin KEDCO ya kawo wuta da asuba, kuma mutanen yankin ba su manta da duhun Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar yawancin Arewa fiye da mako guda babu lantarki.

A ɗaya ɓangaren, Jigawa na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada a shirin Babbar Koriyar Ganuwa, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. A farkon 2024 gwamnatin Malam Umar Namadi ta haramta sare bishiya domin itace ko gawayi ba tare da izini ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san yadda ƙasa ke komawa rairayi a arewacin Babura, kusa da iyakar Nijar. Sai dai hani ba ya tafasa ruwa. Muddin gas ya fi ƙarfin magidanci, dokar za ta ƙara wa itace tsada, ta mayar da sara aikin dare, buƙatar kuwa tana nan yadda take.

Kuskuren da ke cikin yawancin waɗannan shirye-shirye shi ne ma'auninsu. Ana ƙirga yawan tukwane da murahun da aka raba, a ɗauka kowane gida da ya karɓa ya bar itace. Gidan da ke dafa shayi da gas, yana tafasa rabin duro da itace sau biyu a rana, a takarda ya tsallaka, a tsakar gida hayaƙi yana nan.

Batun tsaro

Mutanen Babura sun san abin da gas ke iya yi. A watan Satumban 2022 tukwanen gas da wata mota ta ɗauko sun fashe a garin, mutane da dama suka jikkata, shaguna da gidaje suka ƙone. Irin wannan tsoro yana cikin abubuwan da ke hana wasu iyaye yarda a shigo da tukunya gida. Idan na'urar ɗumama ruwa ta bazu ta hannun masu walda ba tare da gwaji ba, haɗari ɗaya a gida ɗaya ya isa ya mayar da unguwa guda kan itace. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya, NMDPRA kuma ke ba wuraren sayar da gas lasisi. Har yanzu ana ɗura gas daga tukunya zuwa tukunya a ƙananan shaguna cikin unguwanni a garuruwan Arewa, alamar cewa sa-idon bai kai ƙasa ba.

Abin da ke hannun yankin

Wannan yanki yana da abin da ƙananan hukumomi da yawa ba su da shi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana Kazaure, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021 tana Babura. Gwada irin wannan bututu aiki ne da ɗaliban injiniya za su iya kammalawa a zango ɗaya: nawa yake ɗumamawa, nawa yake ƙara wa lokacin girki, wace tazara ce tsakaninsa da wuta ba ta fitar da guba. Daga nan a fitar da ma'auni ɗaya a koya wa masu walda. Mafi amfani ma shi ne a gwada shi a jikin ingantaccen murhun itace ko na gawayi, domin a nan mafi yawan gidajen Roni da Gwiwa suke, kuma zafin da murhun duwatsu uku ke zubarwa ya fi na gas nesa ba kusa ba.

Sai rana. Baƙin tanki a kan rufi yana ɗumama ruwa da yini ko da hazo ya rage kaifinta. Matsalar ita ce riƙe ɗumin har asuba, wanda ke bukatar a lulluɓe tankin da abin da ke hana zafi fita. Ɗakunan haihuwa da makarantun kwana ne ya kamata a fara da su, tunda a can ake bukatar ruwan zafi mai yawa a wuri ɗaya, kuma gwamnati ce mai biyan kuɗin itacen.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, 'yan takara a mazaɓar Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, da ta Babura da Garki, za su iya zuwa da tukwanen gas a matsayin tallafi. Matasan da za su tarbe su suna da tambayoyin da suka fi hoton rabon kaya nauyi: a ina za a cika tukunyar idan ta ƙare, a kan nawa, kuma wa ya duba lafiyar shagon? Nawa aka ware wa makarantun fasahar yankin domin gwajin murhu? Sannan magidancin da matarsa za ta haihu a watan Janairu, wanda doka ta hana shi sara, kasuwa ta hana shi gas, da me ake so ya tafasa ruwan arba'in?