Ilmi Amana Ne

Jami'o'inmu suna ƙulla zumunci da takwarorinsu na ƙasashen waje. Madalla, amma mu tuna da Bakolori. Kamfanin Italiya, Impresit, ya kammala madatsar ruwan a 1978, sai dai ba a saurari koken manoman Maradun da Bakura da Talata Mafara ba, har rigimar diyyar gonaki ta kai ga zubar da jini a 1980.

Saboda haka muna kira ga Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara: duk baƙon masanin da ta gayyato, ta fara kai shi gaban manomi tare da ɗalibai, su saurara. Ilmin da bai amfani maƙwabci ba, akwai tambaya a kansa gobe Ƙiyama. Allah Ya sa mu dace, amin.