Hutu a Finland: watan Agusta na zaɓa, ga dalilina



Tun daga 2018 sunan Finland ke fitowa a saman jerin ƙasashen da aka ce mutanensu sun fi kowa kwanciyar hankali, hotunanta kuma sun cika wayoyinmu: ɗan gidan katako a bakin ruwa, daji kore shar, ko kuma ƙanƙara fara fat da koren haske yana wasa a sararin sama. Ƙasa ce mai mutum wajen miliyan 5.6, wato ba ta kama ƙafar jihar Kano ba a yawan jama'a, amma tana da tafkuna kusan 188,000, kuma kashi uku cikin huɗu na faɗinta daji ne. Ni da maigidan mun daɗe muna tari da niyyar kai yara can, kuma abin da na gane cikin shirin shi ne, watan da kika zaɓa shi zai yanke miki komai: barcin yara, sallarki, lafiyarku da abin da zai fita daga aljihu.

Mu da muka saba rana ta fito wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen shida da rabi duk shekara, lissafin can zai iya rikita mu. A Helsinki, babban birnin da ke can kudancin ƙasar, yinin ƙarshen watan Yuni yana kai kusan awa 19. Rana ta faɗi wajen sha ɗaya saura, ta dawo kafin ƙarfe huɗu, tsakaninsu kuma babu duhun kirki. A Rovaniemi da ke arewa, wajen wata guda rana ba ta faɗuwa sam. A Disamba abin ya juye: yinin Helsinki bai wuce awa shida ba, a ƙuryar arewa kuwa sai a yi kwana hamsin ba a ga ƙwayar rana ba.

Masu tallar tafiye-tafiye sun fi tura mutane Lapland a watan Disamba, a hau keken ƙanƙara, a ga barewar arewa. Ban ce babu daɗi ba. Amma sanyin can kan sauka digiri 20 ko 30 ƙasa da sifiri, kayan sanyin da za ki saya wa mutum biyar kaɗai wani jari ne, kuma lokacin ne masauki ya fi tsada. Shi koren hasken nan ma ba alkawari ya yi da kowa ba, idan gajimare ya rufe sama sai ki yi mako ki dawo ba ki gan shi ba. Ƙarshen Yuni kuma lokacin bikinsu ne na tsakiyar rani da suke kira Juhannus, wanda ke faɗowa ranar Asabar tsakanin 20 da 26 ga wata. Birane sukan zama wayam, kowa ya tafi gidansa na bakin tafki, gidajen haya sun ƙare tun da wuri, sauro kuma yana ganiyarsa.

Shi ya sa na tsaya a kan Agusta. 'Ya'yanmu suna dogon hutu, nasu kuma suna komawa makaranta wajen mako na biyu na watan, don haka gidajen bakin ruwa sukan samu, farashi ya ɗan sauko. Ruwan tafki bai gama hucewa daga ɗumin Yuli ba, sauro ya ragu, 'ya'yan itatuwan daji sun nuna. Uwa uba, dare ya fara dawowa: a tsakiyar Agusta rana kan faɗi a Helsinki wajen tara da kwata. Yaro zai yarda cewa dare ya yi ya kwanta.

Maganar salla ba ƙarama ba ce, kada a bar ta sai an sauka. A tsakiyar rani shafaƙi ba ya ɓacewa a can, jan sama na Magariba shi ne ke zarcewa har ya haɗu da hasken Asuba, saboda haka alamar shigar Isha'i da muka sani ba ta bayyana. Malamai sun yi fatawoyi a kan ƙaddara lokaci a irin waɗannan wurare, kuma masallatan Helsinki suna da jadawalinsu. Ki zauna da malaminku tun a gida, ki kuma nemi jadawalin masallacin da ya fi kusa da masaukinku, don manhajojin waya kowace da lissafinta, sai ki ga biyu sun saɓa da fiye da awa guda. Alƙibla ma ta sauya: daga can kudu ake fuskanta da ɗan karkata zuwa gabas. Musulmi kuwa ba baƙi ba ne a ƙasar. 'Yan ƙabilar Tatar sun zo fatauci daga Rasha tun ƙarshen ƙarni na 19, sun yi wa ƙungiyarsu rajista a 1925, kuma suna da ɗan masallacin katako a garin Järvenpää. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, don haka mai tafiyar Agusta ya huta da wannan lissafin.

Wurin zuwa, ni yankin tafkin Saimaa nake hange, tafki mafi girma a ƙasar. Daga Helsinki jirgin ƙasa zai kai ku Savonlinna cikin awa huɗu da wani abu, a sauya jirgi a Parikkala. Akwai tsohuwar ganuwa ta dutse a tsakiyar ruwa, Olavinlinna, wadda aka aza harsashinta a 1475, yara za su so ta. Shawarata a kama gida ɗaya a zauna, kada a ce sai an zagaye ƙasar cikin kwana goma, don daga Helsinki zuwa Rovaniemi kaɗai kwana guda ne a jirgin ƙasa. Sai dai ki karanta bayanin gidan da kyau kafin ki biya. Irin waɗannan gidajen, mökki, sun kai kusan rabin miliyan, kuma da yawansu da gangan aka bar su a gargajiyance: ba famfo, masai a waje bayan gida, irin wanda ake zuba ɓawon itace a kai. Su a wajensu hutun ke nan. Mu kuwa da muka baro jan guga, ba don shi za mu biya kuɗin jirgi ba. Ki tafi da butarki kuma.

Yanzu bari na sa hular aikina. Idan a gidanku akwai mai sikila, wannan sakin layin nasa ne. Abubuwa biyu da ake zuwa Finland dominsu, wato sauna da faɗawa tafki, su ne daidai abubuwan da ke tayar da ciwon. Sauna ɗakin surace ne na katako da zafinsa kan kai digiri 80 ko fiye, mutum ya yi ta zuba gumi, jiki ya rasa ruwa, jini ya yi kauri. Daga nan al'adarsu a fito a faɗa ruwa mai sanyi, wanda ko a rani da ƙyar yake wuce digiri 20, jijiyoyin jini su tsuke nan take. Na sha karɓar yaran da ruwan sama kawai ya daka suka kwana suna kuka da ciwon ƙashi, balle wannan. Mai sikila ya bar sauna gaba ɗaya, ya sha ruwa sosai tun daga cikin jirgi, ya riƙe rigar sanyi ko da rana ta fito, a kuma ga likitansa kafin a sayi tikiti. Mai hawan jinin da bai daidaita ba da mai ciwon zuciya su ma su ƙyale faɗawa ruwan sanyi. Mai juna biyu ta tambayi likitanta. Sauran 'yan gida za su iya shiga, yara a benci na ƙasa, minti kaɗan. Su 'yan ƙasar tsirara suke shiga, maza daban mata daban, amma a saunar gidan da kuka kama ba mai ce muku ku cire zani.

Sauron can yana da naci amma ba ya ɗauke da maleriya. Wadda za ta iya kwantar da ku ita ce wadda kuka tafi da ita a jini daga gida. Duk wanda ya yi zazzaɓi a can, kalmar farko da za a faɗa wa likita ita ce daga Najeriya ko Nijar muka zo, a duba maleriya, domin ba ita ce za ta fara zuwa masa a rai ba. Lambar gaggawa 112 ce.

Ƙwaron da ya kamata ki sa wa ido shi ne kaska. Tana cikin dogayen ciyayi, musamman a gaɓar teku da tsibirai da wasu sassan tafkuna, kuma tana yaɗa cuta biyu: ciwon Lyme da wani kumburin ƙwaƙwalwa. Dogon wando a cusa cikin safa, kowane dare kuma a duba yara, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa, cikin gashi. Idan kin gan ta, ki kama ta da ɗan hantsaki daf da fata ki ja a miƙe a hankali. Ban da kananzir, ban da man shafawa, ban da ashana. Idan bayan kwanaki ko makonni wani jan zobe ya fito yana faɗaɗa a wurin, asibiti za a je, ko da kun riga kun dawo gida, kuma ki gaya musu inda kuka je.

Sai ruwa. Yawancin 'ya'yanmu ba su iya iyo ba, mu ma iyayen haka, gidan kuma taku goma ne zuwa bakin tafki, ba katanga. Rigar hana nutsewa a jikin kowa duk lokacin da za a shiga kwalekwale, kuma a san babba ɗaya da aka ɗora wa tsaron yara a kowane lokaci. Idan aka ce kowa na kallo, ƙarshenta ba mai kallo.

Dokarsu ta ba kowa, har baƙo, damar yawo a daji da tsinkar 'ya'yan itatuwa ko da dajin na wani ne, muddin ba a matso kusa da gidan mutane ba. Hura wuta kuwa sai da izinin mai wuri. Akwai mustikka, ƙanana shuɗɗa masu rina baki, yara za su cika roba. Naman kaza dai kada ku taɓa. Akwai wani fari tas mai kama da na ci wanda ke lalata hanta, kuma baƙi sun sha faɗawa tarkonsa.

Abinci yana da tsada, girki a gida shi ne mafita. Shagunan halal suna Helsinki, a unguwanni irin su Itäkeskus, sai a yi sayayya kafin a shiga ƙauye. Ki haddace kalmomin nan a jikin kwali: sika, sianliha da porsas duk alade ne, kinkku da pekoni ma haka, liivate kuma sinadarin da ake daskarar da alawa da shi ne, galibi daga alade. Akwai wani burodi da ake cusa wa kifi, kalakukko, sunansa kifi amma da kitsen alade ake gasa shi. Ɗanyen kifin tafki kuwa, irin su muikku, ki saya ki soya abinki. Kilishi, dambun nama da man shanu su zauna a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga waje, ƙwace su za a yi. Magungunan da kuke sha a bar su cikin kwalinsu, tare da takardar likita da Turanci.

Bizar Schengen ake nema, kuma Finland tana da ofishin jakadanci a Abuja. Kuɗin nema Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, kuma ba a mayarwa idan an hana. Dole a nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. A nan ne nake roƙon iyayen masu sikila da masu ciwon suga su karanta ƙananan rubutun, saboda inshora da yawa ba ta biyan ciwon da mutum ya riga yana da shi, sai an faɗa tun farko an ƙara kuɗi. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, wato mai nufin Agusta zai iya farawa daga Fabrairu.