Mu duba zangarniya tun kamin murzuna ta shiga

Ƴan'uwa manoma na Azagor, ina da tambaya. Wa ya taɓa ganin uwar murzuna?

Tsutsar dai kowa ya san ta. Ita ce ke bin zangarniyar hatsi tana yi mata zane kamar an naɗa igiya. In ka girgiza zangarniya, sai ka ga bununi yana zuba ƙasa. Wasu su ce daga sama take faɗowa tare da ruwa. Wasu su ce iska ke kawo ta. Ba haka ba ne. Uwa gare ta, kuma mun san uwar. Tana cikin ƙwarin nan masu fukafukai da ke zagaya fitila da dare, waɗanda ake ce ma faɗa-wuta. Launinta kamar na ƙasa. Da rana ɓoyewa take, shi ya sa ba mu kula da ita.

Lokacin da hatsi ya fara fid da kai, wajen watan Agusta, sai ta zo da dare ta zuba ƙwai bisa sabuwar zangarniya. Ƙwan ƙanana ne ƙwarai, sai ka sa ido sosai. Uwa guda tana iya yin ƙwai ɗaruruwa. Cikin kwana 3 zuwa 5 sun ƙyanƙyashe. Tsutsar ta kutsa ciki, ta yi wajen wata guda tana ci. In ta ƙoshi, sai ta sauka ta shige ƙasa. Can take kwance duk rani, har damina ta dawo, sannan ta fito da fukafukai. Ashe ɓarawon cikin gonarmu yake kwana!

Wanda bai yarda ba, ya gwada. Ya karyo zangarniya mai tsutsa, ya sa cikin tukunya da rairayi, ya rufe da ƙyalle. Bayan ƴan kwanaki ya tona rairayin. Zai tarar da ita ta ƙanƙance, ta yi ja-ja kamar ƙwallon dabino ƙarami. A nuna ma yara, su ma su gani da idonsu.

To, mi amfanin sanin wannan? Ni a ganina, kuɗinmu ne ke tafiya banza. Sai mun ga zane bisa zangarniya muke rugawa kasuwa sayen magani. Lokacin nan kuwa tsutsa ta riga ta ɓoye ciki, magani da wuya ya same ta. Ga hatsi ya fi mutum tsawo, feshin bisa kanka yake dawowa. Ga bisashe da ke cin kara bayan girbi.

Murzuna ta fara ɓarna mai yawa a ƙasashen Sahel bayan farin 1973. Amma tana da magabci. Wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro, da ƙyar ya kai sauro. Yana harbin tsutsar ta sandare, ya zuba ƙwansa bisa jikinta, ɗiyansa su cinye ta. Tun 2006 masu bincike na INRAN a Maraɗi suka shiga kiwonsa, ana kai ma manoma cikin ƴan buhunan garara. A rataya buhu bisa icce kusa da gona, ƙwarin su riƙa fita da kansu. Buhu 15 ake lissafa ma gari guda da gonakinsa. Ba ya harbin mutum, ba ya cin hatsi. Sai dai rani na kashe mafi yawansu, don haka kowace shekara sai an sake kawowa. Kuma in an yi feshi, shi ma mutuwa yake.

Wani zai ce: «Ni ina na ga lokacin leƙen ƙwan ƙwaro? Ga noma, ga kiwo.» Gaskiya ne, aiki ya yi yawa. Amma buhun nan ba ya da amfani in ya zo a makare, kuma Maraɗi ba kusa ba ce. Malamin gona na Dakoro ba zai san abin da ke gonarka ba in ba ka faɗa ba.

Ga shawarata. Kowane aji na yaƙi da jahilci ya zaɓi mutum 2 ko 3. Da hatsi ya fara fid da kai, su riƙa duba zangarniya 10 kowace safiya. Su rubuta ranar da suka fara ganin ƙwai ko ƙaramar tsutsa. Ranar nan a aika ma malamin gona. Tunda yanzu mun iya rubutu, littafi guda da alƙalami sun isa.