Kwalin Lemo Bai Gama Aiki Ba Don Lemon Ya Ƙare

 Duk wanda ya ratsa ƙofar gidan da aka yi walima ko suna, ko harabar masallaci bayan buɗa-baki a watan Ramadan, ya san abin da ake bari a ƙasa: kwalayen lemo da na madara, manya da ƙanana. Iska ta kwashe su zuwa kwata, ruwan damina ya tura su cikin magudana, su haɗu da leda su toshe hanyar ruwa. Wanda ya share kuma sau da yawa wuta yake cinna musu, hayaƙin ya shiga ɗakunan maƙwabta. Muna ganin lokaci ya yi da gidajenmu da makarantunmu za su sake duban wannan kwali kafin su yar da shi, domin akwai sauran amfani a jikinsa.

Kwalin ya bambanta da takardar da muka saba. Kamfanin Tetra Pak, wanda Ruben Rausing ya kafa a ƙasar Suwidin a shekarar 1951, shi ne ya yaɗa irinsa a duniya. Kwalin da ke ajiye madara ko lemo watanni ba tare da firji ba, shimfiɗa shida gare shi a manne da juna. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa takarda ce mai kauri, sauran kuwa leda ce a ciki da waje, da wani siririn alminiyam da ke hana haske da iska shiga. Wannan haɗi shi ya sa abin sha ba ya lalacewa, shi ne kuma ya sa kwalin ba ya ruɓewa da wuri idan aka yar. Raba takardar da ledar sai an kai shi masana'anta mai injin jiƙawa da markaɗawa. Shi ya sa masu jari-bola, waɗanda ke rububin ƙarfe da gwangwani da roba, sukan tsallake shi su wuce.

Sai dai abin da ya sa kwalin ya zama matsala a bola, shi ne ya sa ya dace da aljihu. Ba ya jin ruwa, ba ya saurin yagewa, yana lanƙwasuwa ya riƙe karinsa. A ƙasashe da dama mutane na mayar da shi 'yar lalita ta ajiye kuɗi da katuna, kuma aikin bai fi ƙarfin yaron firamare ba. A sami kwali mai cin lita ɗaya, a yanke kansa da gindinsa, a wanke cikinsa da sabulu sosai, a shanya ya bushe. A shimfiɗa shi, a tura gefuna biyu ciki su yi kari. Sai a raba tsawonsa gida uku. A kashi na sama a yanke komai a bar bango ɗaya kawai, shi ne zai zama murfi. Sauran kashi biyun a naɗe su su haɗu, a manne ko a ɗinke bangayen da suka haɗu a tsakiya, sai ga aljihu biyu. A bi bakin da salatif ko a yi masa dajiya, a sa maɓalli ko roba ta ɗaure murfin. Mai son ado ya lulluɓe bayan da ƙyallen atamfa, irin wanda tela ke sharewa daga shagonsa kullum.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Mun taso mun ga fitilar aci-balbal daga gwangwanin madara, da takalmi daga tsohuwar taya, da guga daga tsohon tif na mota, da tukwanen da ake zubawa daga narkakken alminiyam. Dukawanmu sun daɗe suna ɗinka alabe da zabira daga fatar da majema suka gyara. Idon da ya hango guga a jikin tif shi ne muke neman ya farka ya dubi kwali.

Addini ma ya riga mu zuwa nan. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wata tunkiya da ta mutu, wadda aka ba wata 'yantacciyar baiwar Uwar Muminai Maimuna sadaka. Sai ya tambayi dalilin da ya sa ba su amfana da fatarta ba. Da suka ce mushe ce, ya bayyana musu cewa cinta ne aka haramta. Idan har an nuna wa sahabbai amfani a jikin mushe, ina ga kwali mai tsarki wanda muka saya da kuɗinmu? An kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa da hannunsa. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta hana ɓarna a ci da sha, kuma hadisi ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Kwalin da bai faɗa kwata ba, an kawar da cuta kenan tun kafin ta isa hanya.

Akwai abubuwan da ya wajaba a kiyaye. Ragowar madara na yin tsami ta jawo ƙuda, don haka wanki da shanya ba abin sakaci ba ne, kuma gara a tara kwalin daga gida da a tura yara su tono shi daga juji. A guji kwalin giya, domin akwai giyar da ake sayarwa a irin wannan mazubi. Idan kwali na ɗauke da sunan Allah a rubuce, kamar yadda akan gani a wasu kayan da ake shigowa da su daga ƙasashen Larabawa, a cire wurin a adana shi, domin lalita takan shiga banɗaki tare da mai ita. Almakashi da reza kuma su kasance a gaban babba. Wanda zai sayar, ya faɗa wa mai saye gaskiya cewa kwali ne, musamman idan an lulluɓe shi da yadi, domin ɓoye asalin kaya algus ne.

Ba za mu ce lalitar kwali za ta yashe magudanun Kano ko na Damagaram ba. Gida ɗaya na iya zubar da kwalaye da yawa a wata, alhali lalita ɗaya ko biyu ta ishe shi. Nauyin tattara shara da sarrafa ta na wuyan hukumomi, da kamfanonin da ke cin ribar abin shan, kuma muna kira gare su da su samar da wuraren karɓar kwalayen. Amfanin da muke hange a wajen yaron yake. Wanda ya wanke kwali da hannunsa, ya auna, ya yanka, ya ga kuɗin tararsa sun zauna a ciki, da wuya gobe ya jefa wani a kwata ba tare da ya ji nauyi ba.

Saboda haka muna ba malaman Islamiyya da na boko shawara su ware awa ɗaya a mako don aikin hannu irin wannan, su haɗa shi da darasin tsarki da na almubazzaranci, yadda ɗalibi zai taɓa da hannunsa abin da ya haddace. Iyaye mata su ajiye kwando guda a kicin don wankakkun kwalaye. Kwamitocin masallatai su tanadi buhu a wurin buɗa-baki, su miƙa abin da aka tara ga makarantar unguwa ko ƙungiyar mata masu sana'a. Duk wannan ba ya bukatar jari sai sabulu da almakashi da niyya. Allah Ya sa mu zama masu tattalin ni'imominSa, Ya kare mu daga ɓarna.