Waƙa Ba Ta Kwantar da Manomin Ajingi Ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce waƙoƙin wa'azi ne suka sa talakan Gaya da Ajingi ya ɗauki duniya ba a bakin komai ba, har ya naɗe hannu. Ban yarda ba.

Ka je gayyar noma a Ajingi da damina. Da makaɗi ya saki gangar noma yana kiran sunan saurayi da na kakansa, kunyar da ɗazu ta gagare shi sai ka ga ya kai ƙarshenta, gumi na tsiyaya a ƙotar garma. Gonar ba ta ragu ba. Yadda yake kallon kansa ne ya sauya.

Waƙar Imfiraji da ka zarga kuwa, Aliyu Namangi ne ya tsara ta, makaho daga Zariya. Wanda ya yanke ƙauna daga rayuwa ba ya zama ya gina baitoci masu yawa haka. Kuma ka manta cewa da waƙa 'yan jam'iyyar NEPU, irin su Mudi Sipikin, suka riƙa farkar da talaka tun shekarun 1950?

Tsadar taki da rashin hanya ke danne manominmu. Kai ƙorafinka can, ka ƙyale mawaƙa.