Kafin ka kama gida, tambayi iska

Wannan makon aikin babba zan ɗora muku. A ce mahaifinku ya sami aikin koyarwa a Jami'ar Buffalo da ke jihar Niyu Yok ta Amurka, za a tashi da iyali gaba ɗaya, har da autar gida mai shekara biyu. Ya shimfiɗa taswirar birnin a kan tabarma, ya ce, "Tunda ku ne masu karatun labarin ƙasa, ku nuna mini unguwar da za mu kama haya." Ina za ku ɗora yatsa?

Na san abin da yawancinku za su yi. Za ku nemi shuɗin ruwa a taswira ku ce a zauna kusa da shi, don wanda ya tashi a Gusau ko Damagaram bai ƙi ya buɗe taga ya ga tafki ba. To, ku ɗan dakata da yatsan nan tukuna.

Buffalo birni ne mai mutum kimanin 278,000 a ƙidayar 2020. Yana zaune a ƙarshen gabas na Tafkin Erie, ɗaya daga cikin manyan tafkuna biyar da ke yankin iyakar Amurka da Kanada, daidai inda ruwan tafkin ke kwarara cikin Kogin Nayagara. Gada ɗaya ce tsakaninsa da Kanada. Da rani gari ne mai daɗin zama, zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a can digiri 37 ne, abin da mutumin Sakkwato zai kira sauƙi a watan Afrilu. Amma a shekara, dusar ƙanƙarar da ke sauka a filin jirgin saman birnin, in an tara ta, takan kai kusan mita biyu da rabi. Abin da ya shafe mu shi ne, wannan dusa ba ta raba kanta daidai a kan unguwanni. Tana da inda take so.

Ga yadda abin yake. Ruwa ba ya saurin yin zafi, ba ya kuma saurin hucewa. Kun san haka daga randa da kuma rijiya: da asubar hunturu ruwan rijiya ya fi iskar waje ɗumi. Tafkin Erie yakan sha rana tun daga watan Yuni, saboda haka a watan Nuwamba, lokacin da iska mai tsananin sanyi ke gangarowa daga arewacin Kanada, ruwansa na nan da sauran ɗumi. Idan iskar nan ta bi ta kan ruwan, sai ta kwashi ɗumi da tururi, ta yi sama, tururin ya daskare ya zama gajimare. Masana yanayi sun ce abin yakan kankama ne idan ruwan ya fi iskar da ke sama, wajen kilomita ɗaya da rabi, ɗumi da digiri 13 ko fiye. Da gajimaren ya iso tudu, sai ya sauke kayansa.

Yanzu ku dubi siffar tafkin. Dogo ne siriri, tsawonsa kilomita 388, ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, Buffalo kuwa na can bakin ƙarshensa kamar mai zaune a bakin indararo. Iskar da ta ratsa tafkin ta gajeren gefensa ba ta samun lokacin ɗaukar abin kirki. Wadda ta bi tsawonsa kuwa, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci take yi tana loda. Kamar dai iskar hunturunmu ce da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta zo ta zube mana a Kano: abin da iska ta bi ta kansa, shi take kawowa. Bambancin shi ne ƙurarmu takan lulluɓe ƙasa baki ɗaya, ita kuwa dusar tafki zirin gajimare ne guda, wani lokaci faɗinsa bai wuce kilomita 15 ba. Wanda ke ƙarƙashinsa ba ya ganin motar da ke gabansa. Wanda ke gefe yana iya shanya.

Iskar yankin ta fi busowa daga yamma ko yamma mai ɗan karkata kudu, shi ya sa zirin ya fi yawan faɗawa kudancin birnin da garuruwan da ke kudu da shi, irin su Lackawanna da Hamburg da Orchard Park. Ƙasar ma daga can take fara tudu, tudu kuwa yana ƙara tura iska sama ya matse ta. Garuruwan arewa, su Amherst da Tonawanda, sukan tsira da kaɗan. A watan Nuwamban 2014 wasu wurare a kudu da gabashin birnin sun sami dusa ta kusan mita biyu cikin 'yan kwanaki, rufin gidaje ya rufta, mutum fiye da goma suka rasu, alhali a arewacin birnin mutane na harkokinsu. A Nuwamban 2022 aka maimaita: Orchard Park ta sami kimanin mita biyu, har ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin, Buffalo Bills, wadda filinta ke can, ta kwashi wasanta ta kai birnin Detroit. Ku auna mita biyu a jikin bangon ajinku. Ya wuce kan malaminku.

Wani abin kuma, lokacin wannan dusa yana da iyaka. Erie shi ne mafi rashin zurfi a cikin tafkunan biyar, matsakaicin zurfinsa mita 19 ne kacal, don haka a shekaru da yawa samansa kan daskare wajen ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu. Da ƙanƙara ta rufe ruwan, iska ba ta da inda za ta ɗebo tururi. A shekarar da sanyi bai yi tsanani ba kuwa, tafkin ba ya rufewa, dusar ta ci gaba. Abin kamar almara: ƙarancin sanyi ya jawo ƙarin dusa.

To, ashe amsa ta fito, a tafi arewa? Babban harabar jami'ar ma a Amherst take, Baba zai je aiki cikin 'yan mintoci. Ni ma can zan fara dubawa. Sai dai kada ku ɗauka an yi wa arewa katanga. A ranar 23 ga Disamban 2022 wata guguwar dusa ta taso da iska mai gudun fiye da kilomita 100 a awa, ta rufe birnin da garuruwan arewa tare, aka hana tuƙi a cikin birni na kwanaki, wuta ta ɗauke, mutum fiye da 40 suka mutu. An tsinci wasu a cikin motoci, wasu a kan titi, wasu a gidajen da suka huce. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Zaɓen unguwa yana rage yawan ranakun wahala ne kawai.

Sannan akwai maganar da ta fi shafarku, wato makaranta. A Amurka makarantar gwamnati kyauta ce, amma a yawancin wurare adireshin gidanku ne ke yanke wadda za ku shiga. An yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowace gunduma na samun kaso mai tsoka na kuɗin makarantunta daga harajin gidajen da ke cikinta. Inda gidaje ke da tsada, makaranta na da kuɗi. Shi ya sa gundumomi irin su Williamsville da Clarence, a arewa maso gabashin birnin, suka yi suna, shi ya sa kuma hayarsu ke cizo. Titi guda kan raba gunduma biyu, don haka mai hankali ba ya sa hannu a takardar haya sai ya tabbatar da gundumar da lambar gidan ta faɗa. A cikin birnin kansa tsarin ya ɗan bambanta, iyaye kan jera makarantun da suke so, akwai kuma irin su City Honors da ake shiga ta hanyar jarrabawa. Mai ƙoƙari a cikinku na iya samun makaranta mai kyau ba tare da Baba ya biya hayar Williamsville ba.

Umma kuma tata tambayar daban ce, kuma tana da gaskiya. Wa za ta gaisa da shi? Ina za ta sayi nama da kayan miya? A watan Disamba rana kan faɗi tun kafin ƙarfe biyar, wanda ba ya fita aiki yana iya yin mako bai ga fuskar maƙwabci ba. A yammacin birnin, wajen titin Grant, akwai baƙi daga Somaliya da Sudan da Miyanma, da shagunansu. A gabashinsa mutanen Bangaladash sun saye tsofaffin gidaje da yawa sun buɗe masallatai da kantuna. A Lackawanna akwai tsohuwar al'ummar Yamanawa da suka zo aikin masana'antar ƙarfe tun kafin a rufe yawancinta a 1983. Kun lura da inda Lackawanna take? A bakin tafki, kudu da birni, daidai hanyar zirin nan. Ga jama'a, ga dusa. Iyalin da suka zaɓi can ba wauta suka yi ba, sun auna ne sun ga cewa maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa ƙofa da shebur a hannu ya fi musu sauƙin titi.

Saura gidan kansa. A cikin birni za ku ga manyan gidajen katako masu hawa biyu, iyali ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, hayarsu da sauƙi. Araha ba ta ado. Yawancinsu an gina su tun kafin 1940, iska na shiga ta tagoginsu, kuɗin gas na ɗumama ɗaki a watan Janairu na iya cinye rarar da aka samu a haya. Don haka tambayar farko ga mai gida ita ce: wa ke biyan kuɗin ɗumi? Ta biyu ta shafi auta. Sai a 1978 Amurka ta hana fentin gida mai dalma, kuma ƙurar tsohon fenti na lahanta ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro da ke rarrafe yana kai hannu baki. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Doka ta wajabta wa mai tsohon gida ya faɗi abin da ya sani game da fentin, amma wanda bai tambaya ba yakan sa hannu bai karanta ba.

Ƙananan tambayoyin ma ba ƙanana ba ne. Akwai wurin ajiye mota a cikin gida? Da hunturu akan hana kwana da mota a wasu tituna don motar share dusa ta wuce. Wa zai share hanyar ƙafa da ke gaban gida, mai gida ko ɗan haya? Ina bututun hayaƙin na'urar ɗumi yake fitowa? Idan dusa ta toshe shi, iskar guba marar wari ce ke komawa cikin ɗaki, ta kuwa kashe mutane a irin waɗannan ranaku. In babu mota a shekarar farko, jirgin ƙasan birnin layi ɗaya ne tal, kimanin kilomita 10, daga tsakiyar gari zuwa tsohuwar harabar jami'ar, saboda haka gida kusa da shi ko kusa da tashar bas ya fi gida mai kallon ruwa daraja nesa ba kusa ba.

Ga aikin gida. Ku ɗauko littafin taswira, ku nemo Tafkin Ontario, maƙwabcin Erie daga arewa maso gabas. Birnin Toronto na gefensa na arewa maso yamma, garin Oswego na gefen kudu maso gabas, Watertown kuma na gabas da shi. Da abin da muka faɗa kan inda iska ke fitowa, wanne cikin ukun ne ya fi samun sauƙin dusa, kuma me ya sa? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi kyau mako mai zuwa.